Ƙwayar Gero a Yatsan Yakaka

Yakaka ba mace ce mai son ado ba. Tun tana da ƙuruciya take sana'ar bandar kifi a wani ƙauye da ke bayan Guri, hannuwanta sun sha hayaƙi da ƙaya har sun yi kanta. Zoben ya zo ne daga 'yarta Mansura, wadda take aikin jinya a Jidda. Da ta zo gida hutu sai ta kama hannun uwar ta zura mata shi, wani siririn zoben zinariya mai ɗan farin dutse a ka, bai wuce ƙwayar gero ba.

"Daimon ne, Iya," in ji Mansura tana dariya. "Amma kada ki ɗauka wani abu ne. A can ba a ma sa irin wannan a lissafi. Mai shagon sai da ya tambaye ni ko ƙaramar yarinya zan saya wa. Matan da nake gani a asibiti, sai dutse ya kai ƙwayar masara suke ɗaga ido su dube shi. A Kano kuwa ba ruwan kowa da dutse, nauyin zinariyar ake tambaya."

Yakaka ta juya hannunta ta ce, "To ni nan wa zai tambaye ni? Kifi?"

Bayan Mansura ta koma, aka yi suna a maƙwabta. Yakaka tana zaune a ɗakin mai jego, rana ta ratso ta wata ɓula a kwanon rufi ta sauka a hannunta, sai ga wasu 'yan tartsatsin haske suna rawa a bango. Mata suka yi mata caa, kowa na son ta taɓa. Ita kuma da zuciya ɗaya ta faɗi sunan dutsen da inda ya fito. A ƙauyen ba a taɓa ganin irinsa ba, don haka babu abin da za a gwada shi da shi. Wadda ta gani da idonta ta ce ya kai ƙwayar dawa. Wadda aka ba labari ta ce ya kai aya. Kafin damina ta yi nisa, a kasuwar Guri ana cewa akwai wata mai bandar kifi da 'yarta ta kawo mata daimon daga Saudiyya kamar ƙwan tattabara.

Wata rana da la'asar wayarta ta yi ƙara. Muryar namiji ce, mai ladabi. Ya gaishe ta, ya tambayi lafiyar gida da ta Mansura, har ya ambaci sunanta. Sannan ya ce, "An ce an kawo miki abin arziki. Allah ya tsare miki shi." Ya kashe. Da ta sa aka kira lambar, ba ta shiga ba.

Ƙanenta Kolo, manomin shinkafa, ya saurare ta har ta gama, fuskarsa ta canza. "Yaya, cire shi yanzu. Ba ki ji abin da ake yi wa mutane a kan abin da bai kai wannan ba?"

Zoben ya ƙi fita. Dama idan damina ta kankama gaɓoɓinta kan kumbura, bana kuma abin ya fi na kullum. Suka gwada sabulu, suka gwada man gyaɗa, suka gwada yauƙin kuɓewa, matar Kolo ta naɗa zare ta ja har Yakaka ta yi hawaye. Yatsan sai ƙara cika ya yi, zoben ya nutse cikin nama. Tun daga ranar ta daina zama a ƙofar gida. Duk babur ɗin da ya rage gudu a layinsu sai ta leƙa ta kafar ƙofa.

Shawara ta tsaya a kan ta tafi Haɗeja wajen maƙerin zinariya ya yanke shi. Sai dai ruwa ya riga ya cinye hanyar ƙauyen, sai an shiga kwalekwale a ratsa fadama kafin a kai inda motoci suke tsayawa. Kolo ba shi da halin raka ta, domin jingar gonarsa na neman ɓallewa. Ya kai ta bakin ruwa da hantsi, ya damƙa ta a hannun Zarami, wani mai fito da ta daɗe tana sayen kifi a wajensa. Ta naɗe yatsan da tsumma ta shafa masa shuni, yadda kowa zai ɗauka ciwo ne.

Mata biyu ne a jirgin da buhunan tattasai. Har Zarami ya kafa gora zai tura sai ga wasu maza biyu sun iso da sauri. Ɗaya dogo ne mai farin yadi da takalmi sau-ciki, ɗayan gajere mai jaka a kafaɗa. Suka yi sallama suka zauna suna fuskantar ta. Ba ta san ko ɗaya ba.

Ruwa ya shafe gonaki, ba a ganin komai sai kan itatuwa da kachala, doguwar ciyawar nan da ta fi mutum tsawo, wadda ta cinye rabin fadamar. A wani tudu matan nan suka sauka da buhunansu. Yakaka ta bi su da kallo, ta ji kamar ta ce a sauke ta ita ma, amma ba ta da dalilin da za ta bayar.

"Hajiya, me ya sami hannun?" in ji dogon.

"Karkare ne."

"Allah ya sawwaƙe. Mugun ciwo ne."

Ta san muryar. Ladabin nan ne na cikin waya, ba ta da shakka. Ta juya ta dubi Zarami, sai ta ga ya karkata kan jirgin zuwa wata siririyar hanya a tsakanin kachala, inda ganye ke gogar gefe da gefe.

"Zarami, nan ba hanya ba ce."

"Ciyawa ta toshe waccan, Inna," ya ce, idonsa na kan gorarsa.

Suka yi ta kutsawa har sararin ruwan ya ɓace a bayansu. Babu iska a ciki, sai zafi da warin ruɓaɓɓen ganye. Gajeren ya ɗaga hannu, Zarami ya tsaya.

"Kawo hannun in duba miki," in ji dogon. "Ba ma son wahalar da ke."

Ba ta miƙa ba, gajeren ne ya kamo wuyan hannun ya warware tsumman. Su biyu suka sunkuya suna kallo. Dogon ne ya fara ɗagowa.

"Wannan mene ne?"

"Shi ke nan. Wallahi shi ne 'yata ta ba ni, babu wani."

Dogon ya girgiza kai a hankali, kamar wanda aka ɓata wa lokaci. "Hajiya, na zauna a Legas. Na ga abin da ake kira daimon a hannun matan manya, daga nesa yake kashe ido. Wannan ɗan rakiya ne. Mutum ba ya tasowa daga Saudiyya ya ɗauko ƙwayar gero. Ina uwar, babban dutsen?"

A nan ne tsoro ya kama ta na gaske. Tun da suka shiga ciyawar take gaya wa kanta cewa in abin ya kai ga haka, za ta bar musu zoben ko da yatsan ne, ta tsira da ranta. Yanzu ta gane abin da suka zo nema ba ya duniya, kuma babu rantsuwar da za ta gamsar da su. Ta faɗa musu abin da Mansura ta ce, cewa ko a shagon an raina shi, cewa mutanen ƙauye ne suka kumbura shi da baki. Tana magana tana jin yadda maganar ke fita kamar ƙarya.

"Za ki bi mu," in ji dogon. "Idan 'yarki ta ji muryarki, za ta tuna inda aka ajiye shi."

"A fara da wannan tukuna," in ji gajeren. Ya zaro wuƙa daga jaka, ya danne tafin hannunta a kan katakon da ake zama, ya ware yatsan daga 'yan'uwansa.

Yakaka ta ji sanyin ƙarfen a fatarta. Ta ɗaga ido, abin da ta gani shi ne hannun dogon na hagu, wanda tun da suka taso bai saki bakin jirgin ba, da ƙafafunsa da ya tattare don kada ruwan da ke ƙasa ya taɓa takalminsa. Ita kuwa 'yar masunci ce, a ruwa ta yi wayo.

"Tsaya," ta ce. "Yana ɗaure a ƙuguna. Ku bari in miƙe in kwance."

Suka dubi juna. Gajeren ya sake ta. Ta dafa gwiwa ta miƙe da ƙyar kamar kowace tsohuwa, ta kai hannu ƙarƙashin mayafinta, ta yi bisimilla a ranta, sannan ta ɗora ƙafa a bakin jirgin ta sake masa duk nauyinta.

Jirgin ya kife da su duka. Ruwan ya fi yadda ta zata zurfi, ƙafarta ba ta taɓa ƙasa ba. Mayafin ya naɗe mata wuya, ta fizge shi ta bar shi, ta nutsa ta kama gindin kachala tana jan jikinta daga wannan zuwa wancan har ƙirjinta ya kusa fashewa. Da ta ɗago, ganye ne ta ko'ina. A bayanta ana ta facal-facal, dogon yana kiran a kama shi, muryar nan mai ladabi ta koma ta wani mutum dabam. Ta sake nutsawa.

Ba ta san iya nisan da ta yi ba. Ta sami wani wuri da ƙafarta ta taɓa laka, ta tsaya cikin ciyawa ruwa iya haɓarta. Ganyen ya yayyanka mata hannu da fuska. Ta ji matsattsaku na mannewa a ƙafarta, ba ta motsa ba. Ta san ambaliya kan koro macizai su taru a irin wannan wuri, duk abin da ya gogi bayanta sai ta runtse ido. Can sai hayaniya ta lafa, ta fara jin ƙarar gora ana soka ta cikin ciyawa, tana matsowa, tana tsayawa.

"Inna Yakaka," muryar Zarami ce, ƙasa-ƙasa. "Ki fito, sun tafi. Ni kaɗai ne."

Ta toshe bakinta da hannu. Ya kira ta har ya gaji, ya wuce ta kusa da ita yadda ta hango bakin gorar ta tsakanin ganye. Ba ta amsa ba.

Sai da rana ta karkata ta ji ana kaɗa gwangwani daga nesa, irin wanda ake korar tsuntsayen jan-baki da shi daga shinkafa. Ta nufi ƙarar tana jan ƙafa, tana faɗuwa tana tashi. Wasu manoma ne da matansu a kan wata jinga. Da suka ga mace ta ɓullo daga kachala ba ɗankwali, jini na bin fuskarta, da farko ja da baya suka yi. Wata tsohuwa ce ta kwance gyalenta ta rufa mata, suka ɓamɓare mata matsattsakun da toka, suka kai ta titi.

A Haɗeja ta sauka gidan wata 'yar'uwarsu. Washegari maƙerin zinariya ya sa ɗan almakashinsa ya datse zoben, ya naɗe mata shi a takarda, ta ba wa Kolo da ya biyo ta hankali a tashe ta ce kada ya sake nuna mata. An kai ƙara, an bincika fadamar, ba a sami mutanen ba, ba a kuma ga gawa ba. Mansura ta yi ta kuka a waya tana cewa da ta sani da atamfa ta kawo.

Kolo ya koma ƙauye ya nuna zoben a majalisa, ya bar shi ya zaga hannu-hannu don kowa ya ga iyakarsa. Bai yi amfani ba. Mutane suka ce mace mai shekarun Yakaka ba za ta kifar da jirgi a tsakiyar kachala a kan wannan ɗan abu ba, lallai babban yana jikinta a ranar. Saboda haka ba ta koma ƙauyen ba. Ruwa ya janye, aka yi girbi, ita tana Haɗeja, murhun bandarta ya yi sanyi.

Wata ranar kasuwa Kolo ya zo duba ta, bai daɗe da zama ba aka yi sallama a zaure aka ce Zarami ne. Ya shigo ya durƙusa daga bakin ƙofa, ya rame. Ya ce tun a bakin ruwa, kafin a kawo ta, gajeren ya nuna masa wuƙar ya kuma ambaci sunayen 'ya'yansa. Ya ce shi ya ciro mutanen daga ruwa don ba zai iya kallon rai na fita ba, suka tilasta masa ya kai su tudu, sannan ya dawo nemanta shi kaɗai. Ya rantse da Allah, hawaye na zuba.

Yakaka ta dube shi. Ta san shi tun yana bin ubansa kamun kifi, kuma duk abin da ya faɗa yana iya zama gaskiya.

"Na ji, Zarami," ta ce. "Allah ya fi mu sani."

Kolo ya yunƙura zai fita ya ba su wuri. Ta riƙe bakin rigarsa ta ce ya zauna.