Rediyon Malam Abdulsalami

Duk Ƙofar Dumi an san Malam Abdulsalami mai gyaran rediyo. Da tsufa ya sa ya bar rumfar gyara, maimakon ya huta, sai ya ɗauko wani aikin a tsakar gida: wai zai haɗa rediyo da hannunsa, irin mai kamo hirar mutanen nan da ke kiran juna daga ƙasa zuwa ƙasa don sha'awa. Ya naɗe wayar tagulla a jikin guntun bututun roba, ya ja eriya daga katanga zuwa dogonyaro. Har igiyar shanyar matarsa Zubaida ba ta tsira ba.

Rannan da hantsi Zubaida na tankaɗe, sai ga muryar wani mutum daga lasifika, can ƙasa-ƙasa cikin shuuu. Ta ajiye rariya za ta rangaɗa guɗa ke nan, sai mijin ya ja tsaki ya fizge waya.

"Shiru kake ji, malam ya ci shirwa," in ji shi.

Nan ta gane kunnensa ne ya fara daina ji. Ashe shi ya sa kwanan nan take ta maimaita sallama! Mutumin da ya ci abinci da kunnensa shekara da shekaru. Tausayi ya kama ta, ta rasa bakin faɗa masa.

Haka aka yi ta yi: ya haɗa, rediyo ya yi magana, ya warware. Ya zargi batir, ya zargi dalma, ya tsine wa masu kayan jabu. Daga ƙarshe ya ce hannunsa ne ya mutu, tsufa ya cinye sana'a, gobe 'yan gwangwan su zo su kwashe tarkacen.

Haba, wannan kam ba da ita ba! Da ya jona wayar ta ƙarshe muryar ta dawo, sai ta cafke hannunsa kafin ya fizge, ta ɗora yatsunsa a kan lasifikar.

Ya ji tana rawa a ƙarƙashin yatsunsa. Ya murɗa abin neman tasha kaɗan, rawar ta tsaya. Ya mayar, ta dawo. Sai ya ɗago kai ya dube ta.

"Tun yaushe?" ya tambaya.

Ta matso daf da kunnensa. "Tun ranar farko, Malam. Hannunka lafiya lau."

Hawaye ya gangara cikin gemunsa. Ya share, ya gusa mata a kan tabarma.

"To zauna, Zubaida. Ni in murɗa, ke ki faɗa mini inda ya fi fita."