Wanda Mai Shari'a Yake Kallo

Magana ta bazu cewa dattijon alƙalin nan na babbar kotu mugu ne. Wai ranar hukunci sai ya kafa wa wanda zai kayar ido, don ya more ganin yadda fuskarsa za ta zube. Wata tsohuwar shugabar makaranta kuwa tun tana riƙe da alli ba ta shiri da "an ce". Ga shi ƙarar 'yarta tana gabansa: nas ce, asibiti ya kore ta kan kuskuren allurar da ba ita ta yi ba.

Sai ta ɗauki sandarta ta riƙa zuwa kotun, tana zama a bencin baya, ƙarƙashin fankar da ba ta juyawa.

"Mama, ke ma ƙara kika kawo?" in ji masinjan kotu.

"Kallo na zo, ɗan nan. Talabijin ɗina ya mutu."

Ta ga kallon da idonta. Ta kuma ga abin da masu labari suka yar a hanya. In alƙalin ya gama karanta hukunci da yaren lauyoyi, sai ya cire tabarau, ya warware wa wanda ya faɗi dalili ɗaya bayan ɗaya, kamar mai koya wa jikansa lissafi. "Ka gane? In ba ka gane ba, in sake."

"Tun yana ƙaramin majistare haka yake," masinjan ya gaya mata. "Cewa yake wanda ya yi nasara ba ya tambayar dalili. Ɗayan ne zai koma gida da abin a ransa."

Ranar hukuncin 'yarta, ta zauna kusa da yarinyar. Mai shari'a ya ɗago kai. Idonsa ya bi ta kansu ya wuce, ya sauka a kan shugaban asibitin.

Nas ɗin ta fashe da kuka. "Mama, na koma aikina!"

"Allah ya yi masa albarka. Yi shiru mana, ke, in ji yadda zai gaya wa bawan Allahn nan."

Shugaban ya nemi a sake masa wani wuri, aka sake masa. Ya gyaɗa kai.

Gaskiya ne alƙalin yana kallon wanda ya faɗi. Bayani yake yi masa.