Kyamarar Aro a Buhun Shinkafa

Sada bai taɓa aron abin da ya fi fartanya ba, sai bana da shinkafarsa ta yi kyan da ba ta taɓa yi ba. Ya ce sai ya ɗauke ta hoto kafin a yanke. Ya je wajen Malam Taufiq, yayan matarsa Rauda, ya aro 'yar kyamararsa, irin wadda ake zurawa a aljihu, a kan zai mayar ran Juma'a.

Yana tsaye a bakin kanal ɗin ban ruwa yana ja da baya don gonar ta shiga duka, santsi ya kwashe shi sai cikin ruwa. Shi ya fito, kyamara kuwa sai da ya lalubo ta a cikin laka.

Ba faɗa yake tsoro ba. Malam Taufiq ba ya faɗa, kallonka kawai zai yi ya ce ba komai, wannan kuma ya fi mari ciwo.

Ya taɓa jin an ce in waya ta jiƙe a binne ta a shinkafa. To me ya fi yawa a gidansa? Ya cusa ta cikin buhun farko da hannunsa ya kai. Washegari ya zaro ta da ɗumi, ta yi gumi, ƙaiƙayi ya manne mata ko'ina.

"Baban Amiru, wannan ai shansherar bara ce, shinkafar da na turara jiya, ko shanya ta ban yi ba," in ji Rauda. "Dafa wa Yaya kyamararsa ka yi?"

Ya hau babur sai Kura, shagon Musbahu mai gyaran waya.

"Ka kunna ta bayan ta jiƙe?" Musbahu ya tambaya.

"Ban kunna ba. Tsoronta nake ji."

"Tsoron nan shi ya cece ka, Malam Sada."

Musbahu ya cire batir da katin hotuna, ya kwance 'yan kusoshin ya jera a murfin kwalba. Ya wanke cikin da sifirit da buroshin haƙori, ya bar ta a gaban fanka har bayan la'asar. Da ya haɗa ya kunna, ta kawo wuta, amma idon kyamarar ya turo rabi ya tsaya yana ƙara kamar akuyar da aka shaƙe. Musbahu ya zura bakin takarda yana zagaya wuyan idon. Ƙaiƙayi ya fito, sai kuma wani tsohon yashi ya biyo baya.

"Wannan yashin ba naka ba ne, ya daɗe a ciki."

Ya sake kunnawa. Ido ya fito sumul. Hotunan gona suna nan, na ƙarshe kuwa sararin sama ne da tafin ƙafar Sada.

Ran Juma'a bayan masallaci ya miƙa wa mai ita. Malam Taufiq ya danna, ya kashe, ya sake dannawa.

"Ikon Allah. Da sai na buga ta a tafin hannu take buɗe ido. Me ka yi mata?"

"Wanka ta yi a kanal, Yaya. Na turara ta, Musbahu ya ƙarasa."

Malam Taufiq ya daɗe yana kallon hoton ƙafar.

"Shinkafa dai ta yi kyau," ya ce. "Amma faso ya cinye maka dunduniya. Riƙe ta har ku yi yanka, ka ɗauko mini hoton buhunan."