Idon Inna Reza

A ƙungiyar ɗinki ta unguwa babu wadda ba ta taɓa ɗanɗana rezar Inna ba. Tsohuwar tela ce, ta daɗe da shagonta a bakin kasuwa kafin ciwon gwiwa ya sauke ta daga kan keken ɗinki. Reza ba ta rabuwa da ita, kullum tana naɗe cikin 'yar takarda a jakarta. In ta ɗauki ɗinkin mace ta ga ya karkace, ba ta faɗa, ba ta tsawa. Sai dai a ji ƙit, ƙit, ƙit, ta farke shi tas ta miƙa wa mai shi, ta ce, "Sake, 'yata." Daga nan sunan ya bi ta, har jikokinta ma Inna Reza suke ce mata.

Duk ranar Asabar suke haɗuwa a wani ɗaki da ke bayan makarantar firamare, inda a da ake jibge karyayyun kujeru. Malama, tsohuwar shugabar makarantar, ita ta roƙo musu ɗakin, kuma ita ke riƙe da makulli. A ciki akwai kekunan ɗinki uku, da dogon tebur da aka tokare ƙafarsa ɗaya da bulo, da buhunan ƙyallaye da telolin gari ke tara musu. Barguna suke yi na ƙananan yara. A yanka ƙyallaye daidai da juna, a haɗa su a keke, a shimfiɗa auduga a tsakiya, a sa shafi a ƙasa, sannan a bi da ɗinkin hannu a kama su gaba ɗaya. In sun taru, sai Nas, wadda ta yi ritaya daga ɗakin yara na asibiti, ta kwashe ta kai can a raba wa iyayen da suka zo jinya ba su da abin rufa yaro.

Ɗinkin hannun nan shi ne aikin Inna. Ba a ba kowa shi, ita ma ba ta yarda a ba kowa ba.

Sai ido ya fara yi mata gardama. Da farko kamar hayaƙi take gani a gefe, ta ɗora laifin kan tagar ɗakin, ta ce ba a goge ta. Aka goge. Ta ce ƙwan fitilar ne ya tsufa. Malama ta sa aka canza. Daga nan Inna ta daina ƙorafi, ta koma dabara. Da safe, kafin ta fito daga gida, sai ta zauna a tsakar gida inda rana ta fi haske, ta yi ta fama har ta zura zare a allurai da yawa, ta soke su a jikin soso ta sa a jaka. In ɗaya ta ƙare sai ta zaro wata. Babu wanda ya taɓa ganinta tana lalubar kafar allura, don haka a ganinta asirinta a rufe yake.

Wata Asabar ɗanta zai fita aiki da sassafe, ya ce ta zo ya sauke ta a hanya, ta huta da hawan motar haya. Ta yi tsammanin za ta tarar da ƙofa a kulle ta zauna a dakali ta jira. Sai ta tarar da ita a buɗe, ana magana ƙasa-ƙasa a ciki.

Mutum uku ne a bakin tebur: Malama, da Nas, da Matar Direba, wadda ita ce ke kan babban keke, mace mai dariyar da ake ji tun daga ƙofar makaranta. Yau babu dariyar. Sun baje bargon da Inna ta gama a makon da ya wuce, kowace da reza a hannu, sai ƙit, ƙit, ƙit.

Inna ta yi sallama. Matar Direba ta yi wuf ta tura rezarta ƙarƙashin ƙyalle, kamar yarinyar da aka kama da hannu a tukunya.

"Wa ya aike ku?" in ji Inna.

Malama ta gyara gilashinta. "Yaya, zauna tukuna ki huta. Wani ɗan wuri ne kawai muka ga ya saki."

"Ɗan wuri ne ya tara manyan mata uku tun rana ba ta yi zafi ba? Ba ni nan."

Ta fizgi bargon ta fita da shi bakin ƙofa. Ta kara shi daf da fuskarta, ta juya bayansa. Ko da hazon da ke idonta ta ga abin da ta gani. Layin ya tafi kamar sawun maye, wani wurin ɗinkin ya yi tsalle, wani wurin allurar ba ta ma kai ga shafi ba. Da wata ce ta kawo mata wannan, da ko kallo na biyu ba za ta yi masa ba.

"Tun yaushe kuke wannan?"

Malama da Matar Direba suka dubi juna. Nas ce ta taso, ita da ma ba ta iya kwana-kwana ba.

"An kwana biyu, Inna. Mukan zo da wuri mu gyara kafin ki iso. Da karkacewa ce kawai, wallahi da mun ci gaba da yin shiru. Amma kwanaki ina ninke wani bargo zan kai asibiti, allura ta soke ni a yatsa. A cikin auduga take, da zarenta. Jariri za a rufa da shi, Inna."

Inna ta tsaya riƙe da bargon. Ta tuna ranar da ta lalubi soso ta ji allura ɗaya ba ta nan, ta ce a ranta a ƙasa ta faɗi.

"Shi ne kuka mayar da ni abin wasa? Ina ɗinki kuna farkewa, in na shigo ku ce sannu da aiki Inna, hannunki sai ke?"

"Kunyarki muka ji," in ji Matar Direba.

"Kunya ko raini?"

Ta ajiye bargon a kan tebur, ta ɗauki jakarta. Malama ta biyo ta har ƙofar makaranta tana "Yaya, Yaya," ko waiwaye ba ta yi ba.

A gida ba ta gaya wa kowa abin da ya faru ba. Asabar ta zagayo ta ce gwiwa ce ta tashi. Wata Asabar ɗin ta ce kanta ke sarawa. Matar ɗanta, wadda Inna ke kira Amarya duk da cewa babbar 'yarta ta kusa gama sakandare, ta lura Inna ta zuba gishiri a shayi ta shanye abinta don kada a ce ba ta gani ba.

Nas ta zo ranar wata Talata da rana, ba ta ko tsaya dogon gaisuwa ba.

"Inna, ba biko na zo ba. In kin ga dama kada ki sake taka ɗakin nan. Amma idon nan sai an duba shi."

"Idona lafiyarsa lau."

"To wane launi ne mayafina?"

Inna ta ƙura mata ido. "Shuɗi."

"Kore ne."

Amarya, da ke tsaye a bakin ƙofa da tire, ta kasa riƙe dariya. Inna ta harare ta, hararar ma ta sauka a kan labule.

Da aka matsa mata sai gaskiya ta fito. Tsoro take ji. Yayarta an taɓa yi mata aikin ido shekarun baya, ta shiga tana ganin inuwar mutane, ta fito ba ta ganin komai, haka ta zauna har ta rasu. Inna ce ta yi ta jan hannunta zuwa banɗaki.

"Gara in ga rabi da in rasa duka," in ji ta.

Nas ba ta yi mata alkawarin komai ba. Ta ce, "Mu je a duba kawai. In likita ya ce a yi, kika ce ba ki so, ni da kaina zan dawo da ke gida."

Suka tafi da ɗanta. Likitar mace ce, ta haska mata fitila a ido ta daɗe tana dubawa. Ta ce idon dama yanar ido ce ta rufe shi, ana iya cirewa. Na hagu kuwa jijiyarsa ta riga ta raunana, ko an taɓa shi babu abin da zai ƙaru. Inna ta ji daɗin yadda ta faɗi na hagun ba tare da shafa mai ba. Ta ce wa ɗanta a mota, "Yarinyar nan ba maƙaryaciya ba ce. A yi."

Aikin bai daɗe ba. Da aka cire bandeji, abin da ta fara gani shi ne kan ɗanta da ya sunkuyo yana tambayar ta ko tana gani.

"Kai, yaushe ka yi furfura haka?"

"Inna, ai ta daɗe."

"Ba ka gaya mini ba."

A gida ma haka. Ta ga yanar gizo a kusurwar ɗakinta, ta ga labulen da take yabo ashe ya koɗe. Ta ɗauki madubi ta duba fuskarta, ta ajiye shi a kife, ta ce wannan tsohuwar ba ta san ta ba. Amarya ta sha faɗa a kan ƙura a makon nan fiye da duk wanda ta sha tun zuwanta gidan, har ta ce wa mijinta da ta sani da ba ta goyi bayan Nas ba.

'Yan ƙungiya suka zo dubiya gaba ɗaya, suka cika ɗakin. Babu wadda ta ɗauko zancen bargo. Da za su tafi Inna ta riƙe hannun Malama.

"Ɗinkin hannun, wa ke yi yanzu?"

"Muna rabawa tsakaninmu."

"Allah ya jiƙan yaran asibiti," in ji Inna. Matar Direba ta fashe da dariyar nan tata, kowa ya bi. Daga nan aka san an shirya.

Da ta koma ranar Asabar, ba ta nemi aikinta na da ba. Likita ta hana ta ƙura wa ƙaramin abu ido na tsawon lokaci, kuma ita da kanta ta gwada a gida ta ga da ido ɗaya allura ba ta sauka inda ta nufa. Ta faɗa musu haka a tsaye, kafin ma ta zauna, don kada wata ta riga ta. Sai ta ja buhun ƙyallaye gabanta ta shiga ware su, ta ga irin haɗin launin da aka yi ta yi a bayan idonta, ta riƙe baki.

"Wa ya haɗa ja da ruwan hoda a nan?"

"Ke ce, Inna," in ji Matar Direba.

"To Allah ya yafe mana baki ɗaya."

Da barguna suka taru, Nas ta ce wa Inna ta raka ta asibiti, tunda yanzu hannunta ba kowane lokaci yake cikin aiki ba. Duk tsawon zamanta a ƙungiyar Inna ba ta taɓa zuwa ba. Ita dai ta gama ta miƙa. Ɗakin yaran dogo ne, gadaje a jere hagu da dama, iyaye mata zaune a gefe, wasu a ƙasa kan ledar shimfiɗa. Aka raba, ana ta godiya da addu'a. Inna ta tsaya wurin wata mata da ɗanta ke kwance da ƙarin ruwa a hannu. An ba ta bargo tun zuwan Nas na baya, amma yana ninke a ƙarƙashin kanta ta yi matashi da shi, yaron kuwa da ɗankwali ta rufe shi.

"'Yata, me ya sa ba ki rufa masa ba?"

Matar ta ɗago ta dube ta, ba ta san ko wace ce ke tambaya ba. "Mama, kyau kam yana da kyau. Amma yaron amai yake yi. In na wanke bargon nan sai ya wuni ya kwana bai bushe ba, ga igiyar shanya ɗaya ce mu duka. Shi ya sa nake tattalinsa."

Ta gadon kusa ta sa baki. "Nawa ma haka. Ya yi kauri da yawa. In ya sha ruwa ko matsewa ba na iya yi ni kaɗai."

Inna ta ɗaga bargon ta auna nauyinsa a hannu. Ita ce ta dage tun farko a riƙa ninka auduga biyu, ta ce bargon da ba shi da nauyi ba bargo ba ne. Ta bi gadajen ɗaya bayan ɗaya tana tambaya. Wata ta ce a rage faɗi, yana jan ƙasa. Wata ta ce da za a samu ƙanana biyu maimakon babba ɗaya, da ana wanke ɗaya ana rufa da ɗaya.

A hanyar dawowa ta ce wa Nas, "Ke da kika yi aiki a nan, ba ki taɓa jin wannan ba?"

"Ni godiya kawai suke yi mini. Ke kika tsaya kika tsare su da tambaya."

Asabar ɗin da ta biyo baya aka yi ta muhawara har shayi ya huce. Malama ta ce in aka rage auduga yara za su ji sanyi. Matar Direba ta ce ƙanana biyu aikin kalmasa ne ninki biyu, kuma ƙafarta ce za ta sha wahala a kan keke. Inna ta ce a gwada guda huɗu kawai a kai, a ji abin da iyayen za su ce. Aka tsaya a kan haka. Ta shimfiɗa audugar a kan tebur falle ɗaya, Nas ta riƙe mata gefe, ta auna da tef ta ja layi da alli, sannan ta miƙa wa Malama almakashi ta ce ta yanka a kan layin, kada ta kauce.