Yadda Fatalwa Ta Mayar Da Auta Makaranta

Shekara ashirin da biyu ina aski, kuma babu kan da ya taɓa zama a kujerata ya tashi bai ji ra'ayina game da fim ba. Mutum ba ya musu da wanda ke riƙe da reza a maƙogwaronsa, shi ya sa na daɗe ina zaton ni masani ne.

Ra'ayin nawa ba shi da tsawo. Fim ɗin barkwanci magani ne. Na ban tsoro kuwa rainin hankali ne, musamman kashi na biyu da na uku. A na farko an ƙone fatalwa, an binne tokar, an malale wurin da siminti. A na biyu sai ga ta ta dawo, har ta yi ƙiba. Abin da ba na faɗa wa masu zuwa aski shi ne ban taɓa kai ko ɗaya ƙarshe ba. Da an fara kiɗan nan mai kama da ƙofar da ta shekara ba a sa mata mai ba, sai in tuna ban kashe famfo ba.

To, a watannin baya Auta ta faɗi jarrabawa. Ita ce ƙaramar 'yarmu, shekara uku tana karatun aikin jinya. Rubutu duk ta cinye. Aka zo gwajin aiki a gaban malamai, aka ce ta sa wa mutum-mutumin roba ƙarin ruwa, hannunta ya kama rawa har allurar ta faɗi ƙasa. Ta dawo gida ta shige ɗaki, ta tattara littattafanta ta cusa a ƙarƙashin gado, ta ce ita da asibiti har abada.

Makarantar ta ba da dama ɗaya. Akwai takardar sake gwaji, a cika a mayar kafin ƙarfe huɗu na ranar Alhamis ta ƙarshen wata. In ranar ta wuce, shekara ukun sun bi ruwa. Takardar tana kan firij, an danne ta da gwangwanin madara, kowa ya wuce sai ya kalle ta, ban da mai ita.

Mamansu ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta kira yayyenta a waya su ma suka yi nasu. Ni kuwa na ce a bar ni da ita.

"Da me za ka yi?" in ji Mamansu.

"Dariya. Yarinyar nan in ta yi dariya sau ɗaya, zuciyarta ta buɗe."

"Allah ya ba da sa'a, likita."

Na kafa doka. Kullum ƙarfe biyar zan rufe shago, a hallara a falo a kalli fim ɗaya. Na fara da manyan makamaina. Akwai na wani direba da ya ɗauko gawa a zaton fasinja ne mai barci, har yana yi masa tsegumin matarsa. Na yi dariya har na ƙware. Na waiga, Auta na kallon bango kamar an aiko mata da saƙon mutuwa. Washegari na sa na surukai biyu da suka maƙale a lif. Ko gezau. Kwana tara muna haka. Ni kaɗai ke dariya a falon, kuma dariyar mutum ɗaya a cikin mutum uku, in ta yi tsawo, ita ma abin tsoro ce.

Ranar Talata, saura kwana biyu, na shigo na tarar Mamansu ta riga ni ɗaukar rimot.

"Malam, mun sha maganinka kwana tara, ciwo na nan. Yau nawa za a kalla."

Matar nan tana yanka albasa tana kallon ana cire wa mutum kai, kuma albasar ce kaɗai ke sa ta hawaye. Ta sa kashi na uku na wani fim ɗin fatalwar asibiti.

"Wannan ai ba fim ba ne," na ce. "Ba a kashe ta a na biyu ba?"

"Ka ga na biyun ne?"

"Na ji labari."

"To zauna ka ga na uku da idonka. Famfo a kashe yake, na duba."

Na zauna na yi ta maza, na rungume matashin kujera, wai bayana ke ciwo. Fitilun asibiti suka fara kawowa suna ɗaukewa. Wata nas ta shigo ɗakin mara lafiya, fatalwa na tsaye bayan labule, ƙafafunta ba sa taɓa ƙasa. Na runtse ido ɗaya, ina shawara da ɗayan.

Sai na ji murya daga ƙarshen kujera.

"Da babban yatsa take duba bugun jini."

Mako uku ke nan ban ji Auta ta haɗa kalma bakwai a jere ba. Mamansu ta zungure ni da gwiwar hannu, ma'ana in yi shiru.

"Laifi ne?" in ji Mamansu, idonta a kan talabijin.

"Babban yatsa ai yana da nasa bugun, Mama. Nata za ta ƙirga, ba na mara lafiya ba." Ta gyara zama. "Dubi kuma, ko safar hannu ba ta sa ba. Baba, mayar da shi baya kaɗan."

"Baya? Wurin labulen?"

"Wurin allurar."

Na karɓi rimot na mayar. Sau huɗu na ga fatalwar nan tana leƙowa, sau huɗu raina na fita yana dawowa. Auta kuwa ko kallonta ba ta yi ba. Ta tashi tsaye har gaban talabijin tana nuni da yatsa.

"Kan allurar yana kallon yatsu. Sama ake nufa da shi, wajen zuciya. Ga ledar ruwan ta rataye ta ƙasa da gadon, ta ina ruwa zai hau? Wannan mutumin ba fatalwa ce za ta kashe shi ba, nas ɗin ce."

"Wataƙila haka ake yi a can," na ce. Ban san inda na samo wannan dabara ba, ina jin tsoro ne ya wasa mini ƙwaƙwalwa. "Su fa sun ci jarrabawarsu."

Ta juyo ta kalle ni irin kallon da uwarta ke yi mini in na ce gishiri ya yi yawa. Ta shige ɗaki. Muka ji ana jan kaya daga ƙarƙashin gado. Ta fito da littafi mai ƙura, ta buɗe, ta ɗora mini a cinya.

"Karanta, Baba. Kawo hannunka ma."

Ta ɗaure mini dantse da igiyar cajar waya, ta ce in dunƙule hannu, ta laluba da yatsu biyu har ta sami jijiya. Ta ɗauki biro ta nuna yadda allura ke kwanciya, tana bayani dalla-dalla. A talabijin ana ta ihu, an fara cin wani likita. Mamansu ta dubi hannun Auta, ta dube ni.

"Auta," ta ce a hankali, "hannunki fa ba ya rawa."

Auta ta tsaya ta kalli hannun. Ni nawa ne ke rawa, amma ba wanda ya tambaye ni.

Ta kwance igiyar, ta wuce wurin firij, ta ɗaga gwangwanin madara. Da biron nan da ta gama yi mini allura ta cika takardar, a kan teburin falo, tana yi tana tsaki in nas ɗin ta sake fitowa.

Ranar Alhamis ban buɗe shago ba. Na goya ta a babur muka isa makarantar tun ƙarfe tara, muka tarar magatakardan ma bai iso ba. Da ya zo ya buga hatimi, ni na fara cewa na gode, kamar ni zan zauna gwajin.

Mako shida aka ba su na shiri, kuma ni na zama mutum-mutumin gidan. An naɗe mini kai da bandeji, an juya ni a gado kamar buhu, an auna jinina sau uku a rana har aka gano yana hawa da gaske. Ran da sakamako ya fito ina tsakiyar gyara wa wani dattijo gemu ta kira ni. Ta ci, ita ce ta uku a cikin waɗanda suka sake. Na ajiye reza na fita bakin titi ina gaya wa mai faci da mai shagon magani da wani mutum da ban sani ba.

Dattijon ya leƙo da kumfa a rabin fuska, ya ce yana taya ni murna, amma shi ma yana da iyali da ke jiran sa.