Ba Wuri a Gidan Nan

Luming ba ta so zuwan 'yan ƙungiyar tarihi ba, amma wa zai iya da Malama Perpetua? Tsohuwar malamar makaranta ce, har gobe kowa ɗan ajinta ne. Tun da watan Kirsimeti ya kama take bin gidajen garin tana tattara tsofaffin waƙoƙi da labarai, wai kada su bi masu su kabari.

Abin da ta zo nema gidan Luming shi ne Daigon, waƙar nan ta neman masauki: Yusufu ya tsaya a ƙofa yana roƙa wa Maryamu wurin kwana, matar gida ta kore shi ta taga, baiti da baiti. Luming da mijinta Imong ne suka riƙe ta tun suna da jini a jika, shi Yusufu, ita mai kora. Nata baitocin suna nan daram a kanta. Nasa kuwa ba ta taɓa riƙewa ba, ita dai tana bayan taga tana jiran ya kai aya ta karɓa. Yanzu mantuwa ta cinye Imong. Sunayen 'ya'yansa sun tafi, hanyar coci ta tafi. Abin da ya rage masa bai taka kara ya karya ba: ya san Luming, ya san nan gidansa ne.

"Manang, waƙa ba ta ɓacewa," in ji Malama Perpetua tana kurɓar shayin citta; Manang, wato yaya, haka take kiran Luming. "Ki ja naki kawai, za ki ga nasa ya zubo. In ya tafi da shi fa? Rabin waƙa za mu bar wa jikoki?"

"Malama, mutumin nan jiya da cokali ya taje kansa."

"To ai ba aski muka zo ya yi mana ba."

Aka yi dariya. Luming ta so ta ce a'a, amma ita ma tana kewar muryar nan, kewa mai ciwo. Wannan kwaɗayin ne ya sa ta amsa, kuma kwaɗayi mabuɗin wahala.

Da la'asar aka sauko da Imong tsakar gida, aka tsayar da shi ƙarƙashin fitilar tauraro ta gora da ke lilo a bakin rufi. Wani ya saita jita, Malama ta ɗaga waya don ɗaukar waƙar. Luming ta hau matakala, ta rufe ƙofa da taga kamar yadda aka saba. Ta ja baiti na farko:

"Wane ne ke buga mini ƙofa? Gidana ya cika, ƙara gaba."

Shiru, sai jita.

"Da ƙarfi, Manang!" Malama ta kira daga ƙasa. "Yadda kike yi da!"

Luming ta cika ƙirji ta saki na biyu, wanda a da yake sa yara su ɓuya bayan iyayensu:

"Ban san ka ba, ban san danginka ba. Ba wuri a gidan nan, tafi!"

Ta tura taga ta leƙa. Imong ya ɗaga kai yana kallonta, leɓensa na motsi. Malama ta matso da waya bakinsa, har ta fara murmushi.

"Luming," ya ce, ba da waƙa ba. "Me na yi?"

Ba ta san yadda ta sauko ba, da gwiwoyin nan nata na tsufa. Ta kama hannunsa. "Waƙa ce, Imong! Wasa ne! Zo mu shiga."

Ya zare hannun a hankali, cikin ladabi, yadda ake yi da baƙuwa. Ya juya ya nufi titi. Mai jita ya sha gabansa, ya lallashe shi, amma Imong ya ƙi ko kallon matakalar. Ya zauna a bencin bakin hanya, ya haɗa gwiwoyi.

Malama Perpetua, wadda ba a taɓa ganin bakinta ya mutu ba, ta sa waya a jaka. Ɗaya bayan ɗaya 'yan ƙungiyar suka sulale, kowa da abin da ya tuna ya bari a kan wuta.

Luming ta zauna kusa da shi, haushin kanta ya fi na kowa. Ta kira sunansa, ta faɗi nata, ta nuna masa gidan. Daga coci ana jin yara suna gwajin waƙa. Imong ya daɗe yana duban hawayen da ke fuskarta, sai tausayi ya kama shi. Ya matsa ya ƙara mata wuri a bencin.

"Yi haƙuri, baiwar Allah," ya ce. "Ke ma ta kore ki?"