Durƙuson Badaru

Ba a yi kwana arba'in da rasuwar Dakta Badaru ba, magana ta soma zaga gidajen Hausawan unguwar Anbariyya a Madina, wai ba a kan Musulunci ya cika ba. Wai an ga hotonsa a durƙushe cikin coci, gaban gicciye, a wata ƙasa mai nisa da ya je taron likitocin ido, wata biyu kafin motarsa ta kife a hanyar Badar. Ga shi kuma an sallace shi a Harami, an kai shi maƙabartar Baƙi'a.

Mahaifiyarsa, Hajiya Rakiya, a bakin maƙwabciyarta Hajo ta ji. Hajo ta shigo da kwanon dabino, ta yi ta kewaye-kewaye kafin ta faɗa, ta kuma yi saurin cewa kada Hajiya ta sa abin a ranta, aikin mahassada ne, ɗan da ya sha nononta ba zai yi haka ba.

"Waɗanda suka yi ridda ma nono suka sha, Hajo," in ji Rakiya. "Wa ya ga hoton da idonsa?"

Shekara talatin da ɗaya ta yi tana koyar da labarin ƙasa a makarantar 'yan mata a Kano kafin ɗanta ya ɗauko ta zuwa Madina, kuma ba ta taɓa ba ɗaliba maki a kan "an ce" ba. Tun ranar rasuwar ba ta yi kuka ba. In an ajiye mata abinci ta ci, in an ce ta kwanta ta kwanta. Abu ɗaya ya rage mata na yi da kanta: bayan kowace salla ta roƙa masa gafara. Ranar da Hajo ta zo, ta idar da azahar, ta ɗaga hannu, bakin ya ƙi motsi. Ta san abin da malamai ke cewa game da roƙa wa wanda ya mutu a wajen addini gafara. Ta sha musu da malamai a kan abubuwa da dama, amma wannan karon ba hukuncin ne ya tsaya mata ba. Ba ta san wa take roƙa wa ba. Kwana uku tana ɗaga hannu tana saukewa.

Hannatu, matar marigayin, tana cikin takaba, ba ta fita. Ita ma maganar ta iske ta, amma ba ta ɗaga wa surukarta ba, surukar ma ba ta ɗaga mata ba. Don haka Rakiya ta sa abayarta ta bi sawun zancen da ƙafarta. Hajo daga matar wani tela ta ji, matar telan daga ƙaninta, ƙanin kuwa ma'aikaci ne a wani shagon wanke hotuna bayan masallacin Anbariyya. Badaru ya kai fim ɗinsa can, bai koma karɓa ba.

Da ta isa shagon, ma'aikacin ya fara yi mata Larabci. Da ta faɗi sunan ɗanta sai ya juya Hausa irin ta mutanen Sudan, ya yi mata ta'aziyya, ya miƙo ambulan ba tare da ya dubi fuskarta ba.

A gida ta baje hotunan a kan darduma. Teku mai launin toka, ƙananan jiragen kamun kifi, tuddai kore shar, gidaje a kan ƙafafun itace cikin ruwa. Sai coci-coci, dukansu na katako tun daga ƙasa har hasumiya, an jera ƙananan alluna a bangonsu kamar ɓawon kifi. Wani an shafe shi da shuɗi, wani da ruwan ɗorawa, wasu an bar su ruwan sama ya mayar da su baƙi-baƙi. Daga ciki rufin ya yi kama da kwalekwalen da aka kife. Badaru na tsaye a ƙofar ɗaya yana dariya, cikin wani kwat da ba ta san shi da shi ba.

Sai ta zo kan hoton. Ba ƙarya aka yi ba. An ɗauke shi daga baya, ta ɗan gefe, cikin duhu-duhu. Badaru ne a ƙasa tsakanin bencina, can gabansa ga gicciye da mutum sassaƙe a jikinsa. Ta daɗe tana dubawa kamar ɗan wata mata take kallo.

Ta aika aka kira mata Idrisa, abokinsa mai haɗa magunguna a asibitin da suke aiki, wanda suka yi tafiyar tare. Ya zo ya zauna a bakin ƙofa. Ta tambaye shi ko sun shiga coci. Ya ce wallahi Mama a waje suka tsaya, hoto kawai suka ɗauka. Ta tura masa hoton da yatsa ɗaya.

Sai ya ba da labari. Da aka gama taron a ƙasar Chile, an kai baƙi wani tsibiri a kudu, Chiloé, yawon kwana biyu. Jagoransu ya yi ta zagawa da su daga wannan ƙauye zuwa wancan, wani wurin sai da jirgin ruwa, yana nuna musu tsofaffin coci-cocin 'yan Katolika da ya ce masu sassaƙa jirgi ne suka gina. Marigayi ya yi ta shafa ginshiƙai yana sansana itacen, yana tambayar yadda aka haɗa su. A rana ta biyu ruwa ya tsuge tun safe bai ɗauke ba. Suka isa wani ƙauye da yamma lis, wata tsohuwa mai riƙe da makulli ta buɗe musu. La'asar na shirin fita, waje duk taɓo. Marigayi ya duba ɗan kamfas ɗin da ke jikin makullansa, ya nuna alƙibla tana gaba sosai, inda gicciyen yake. Ya yi wa tsohuwar ishara, ta ɗaga kafaɗa. Ya tuɓe takalmi, ya shimfiɗa kwat ɗinsa.

Shi Idrisa ya ƙi, ya ce akwai gumaka, ya bari sai da suka koma masauki ya rama. Hoton kuwa shi ya ɗauka da kyamarar marigayi, don ya tsokane shi gaban abokansu ɗaliban Jami'ar Musulunci in sun dawo. Da maganar ta tashi ya ji tsoro. In ta kai inda bai kamata ba, aikinsa da iƙamarsa, takardar izinin zamansa a ƙasar, ne a kai. Sai ya yi shiru.

"Na ji," in ji Rakiya. "Amma kai abokinsa ne, kuma yanzun nan ka rantse mini a kan ƙarya."

Da ya tafi ta sauko da ƙwallon taswirar duniya da ta zo da shi daga Kano, ta goge ƙurarsa. Ta nemo tsibirin can ƙasa, ta ɗora bakin zare a kansa, ta ja shi zuwa Makka. Gabas ya nufa. Wannan bai gaya mata inda cocin ke kallo ba. Washegari ta koma shagon da fim ɗin, ta ce a fitar mata da wannan ɗaya, babba, iyakar girman da injinsu ke iyawa, a kuma ƙara masa haske.

Ta zauna da shi kusa da taga, da gilashin da take karatu. Safa ce a ƙafarsa. Ya shimfiɗa ta hagu ya zauna a kanta, ta dama a kafe, 'yan yatsun a lanƙwashe. A kwalejin horon malamai ta zauna ɗaki ɗaya da Kiristoci shekara uku, ta ga durƙusonsu, a miƙe suke yi kan gwiwa, hannu a haɗe. Ta matsar da gilashin. Hannunsa na dama na kan cinya, manuniya a ɗage. Kansa ya ɗan karkata hagu, karkatar da ta yi ta gyara masa tun yana shekara bakwai ba ta gyaru ba.

Aka kira la'asar daga Harami. Ta tashi ta yi salla, ta ɗaga hannu, ta roƙa masa gafara da rahama. Kalmomin sun fito daidai. Ba ta ji komai ba.

Da ta juyo, Hannatu na tsaye a bakin ƙofa, idonta a kan babban hoton da ke ƙasa.

"Mama, ƙarya suka yi masa ko?"

"Ya shiga coci," in ji Rakiya. "Ya durƙusa, fuskarsa na duban gicciye. Zaman tahiya yake, a sallar la'asar."